Yadda ake gane tafasa a fadama kada a haɗo da rai-ɗore

Kowace damina sai na ga yara sun dawo daga bakin gulbin Maradi da kwando fal, rabi tafasa rabi rai-ɗore, wanda wasu ke kira sanga-sanga. Bara ɗiyar ƙanwata ta yi mini haka, na zauna ina tsince ganye ɗaya-ɗaya har la'asar. Tafasa da rai-ɗore 'yan gida ɗaya ne, furensu duka rawaya, kuma wuri ɗaya suke so.

Fara da wurin. Nemi ƙasa mai riƙe laima: gangaren fadama, gindin itatuwa inda ruwa ke kwanciya ya janye, ko tsohon makwancin shanu. Ta wajen tafkin Madarumfa tafasa tana fitowa sosai a Yuli da Agusta. Ni ta inuwa nake tsinka, ganyenta ya fi taushi. Ta bakin kwalta kuwa bar ta, ƙura da hayaƙin mota sun gama da ita.

Sai duba ganye, nan kowa ke faɗuwa. Kama reshen ganye guda ki shimfiɗa a tafin hannunki. Na tafasa ƙananan ganye 6 ne, biyu-biyu sahu 3, kuma na ƙarshe sun fi girma. Rai-ɗore yakan kai sahu 4 ko 5. Amma kada ki tsaya ga ƙirga, domin ƙaramin tsiro bai cika sahunsa ba tukuna, a nan yarinyar ta ruɗe. Dubi bakin ganyen. Na tafasa dagwal yake, mai faɗi a sama, siriri wajen gindi kamar cokali. Na rai-ɗore yana ƙarewa da tsini irin na mashi. In kin ga tsini, yar da shi, ko da maƙwabciya ta rantse miki. Kada ki dogara da hanci. Gaskiya rai-ɗore ya fi wari in an murza, sai dai tafasa ma tana da nata, kuma bayan murza goma hancinki ya daina bambancewa.

In sun yi kwanso aiki ya yi sauƙi: na tafasa dogo ne siriri, lanƙwashe kamar lauje, na rai-ɗore ya fi gajarta da faɗi. Ki hana yara wasa da 'ya'yan rai-ɗore, suna cutar da yaro da dabba in an ci.

Tsinki tafasa da safe, kan tsiron kawai, kafin ta yi fure. Haka za ta sake toho, ba sai kin kai kuɗinki kasuwa ba. Wanke, dafa, zubar da ruwan farko, matse, sai ƙuli-ƙuli da albasa da barkono. Ragowar ki shanya a inuwa ki ɗaure a buhu don rani.