Yadda za a jawo 'yan kallo zuwa tseren ƙananan motoci a Abuja

Tseren motoci masu buɗaɗɗun tayoyi daga kat yake farawa, wato 'yar motar nan mai kujera ɗaya da ke kusan shafar ƙasa. A kanta Lewis Hamilton, shahararren direban tseren motoci, ya fara yana ɗan shekara 8. Sai dai kuɗin rajistar direbobi kaɗai ba ya riƙe gasa: taya na cinyewa, sarƙa na tsinkewa, ga hayar fili da ta motar asibiti, don haka sai an jawo 'yan kallo. Ko Fomula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, sai da kamfanin Liberty Media ya saye ta a 2017 ya sakar mata mara a kafafen sada zumunta, Netflix kuma ta fara shiri kan direbobinta a 2019, sannan sababbin matasa suka yi mata ca. Balle mu a Abuja.

Da farko a tsayar da rana, kada a taɓa ta. Misali Asabar ta farko a kowane wata daga Nuwamba zuwa Maris, kafin damina. Wanda ya taso da iyalinsa daga Kubwa ya tarar an ɗage, ba zai sake zuwa ba. A yi gwaji da safe, tseren kansa kuma bayan La'asar, a gama kafin Magariba.

Inda masu shiryawa suka fi yin sake shi ne tallata mota maimakon mutum. Ɗan kallo ba ruwansa da ƙarfin inji, so yake ya san wa zai goya wa baya. Kai cikin hular kwano, fuska ba ta ganuwa, don haka kowane direba ya riƙe lamba ɗaya da launi ɗaya har ƙarshen kaka, lambar babba, baƙa a kan fari ko rawaya. A samu mai sharhi da lasifika, mai Hausa da Turanci, ya riƙa faɗin suna da unguwa: ga na Gwarinpa ya matse na Garki a kwana! Tun Litinin a fara sakin bidiyon daƙiƙa 30 a WhatsApp da TikTok, direba ɗaya kowace rana, fuskarsa a buɗe, yana faɗin wanda yake son kayarwa.

Kowane tsere kada ya wuce minti 10, hutun tsakani ma haka. Dogon jira ne ke korar mutane.

A zaunar da jama'a inda za su ga wurin tashi da kwana mafi tsanani, bayan shingen tsofaffin tayoyi da aka ɗaure da juna, don tayar da ba a ɗaure ba tashi take ta faɗa kan mutane. A tanadi rumfa, ruwan sha, wurin sallah da banɗaki, a ware wa mata da yara wurinsu. Mai tsire da mai zoɓo su biya kuɗin rumfa kaɗan.

Ko shiga kyauta ce, a yanka tikiti a ƙofa, a ajiye gindinsa. Da wannan adadi da hotunan taron za a tunkari kamfanin man inji, dillalin taya ko masu lemon kwalba. Gara ƙananan masu ɗaukar nauyi biyar da attajiri ɗaya, domin ranar da ya janye, gasar ta tsaya ke nan. A rubuta musu a takarda inda sunansu zai fito: gefen kat, rigar direba, ko allon wurin tashi, kowanne da farashinsa.