Yadda za ka bi gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka daga Jos

Yawancin gidajen kallo na Jos, daga Titin Bauchi zuwa Unguwar Rogo, ƙwallon ƙafa suke nunawa, saboda haka duk wanda yake son bin gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka sai ya tsara wa kansa hanya. An fara gasar a 1939, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, ce ke shirya ta, kuma ana kiranta March Madness. Tana ɗaukar kusan makonni uku, daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, a tsarin sili ɗaya ƙwale: ƙungiyar da ta sha kashi sau ɗaya ta koma gida, komai girman sunanta.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne jadawalin. A tsarin da aka saba da shi tun 2011, ƙungiyoyi 68 ne ke shiga, takwas daga cikinsu su yi wasannin share fage a birnin Dayton na jihar Ohio, sai a rage 64. Ana raba waɗannan zuwa shiyyoyi huɗu, a jera kowace shiyya daga ta 1 zuwa ta 16 gwargwadon ƙarfinta, sannan a haɗa ta 1 da ta 16, ta 2 da ta 15, haka har ta 8 da ta 9. Lambar da ke gefen sunan ƙungiya ita ce za ta gaya maka wadda ake sa ran za ta yi nasara, ko da ba ka taɓa jin sunan jami'ar ba. Ranar Lahadin da ke gabanin gasar ake fitar da jadawalin. Ka sauke shi daga shafin NCAA, ka kai shagon kwamfuta a buga maka, domin a kan takarda ya fi sauƙin bi da biro.

Daga nan sai lissafin lokaci, wanda shi ne babbar wahalar mai kallo a nan. A lokacin gasar agogon Nijeriya yana gaban na gabashin Amurka da awa biyar. Zagayen farko ana yin sa ne ranakun Alhamis da Juma'a, wasanni 16 kowace rana, na farkonsu yana somawa wajen ƙarfe biyar na yamma agogonmu, na ƙarshensu kuwa sai wajen ƙarfe uku na dare. Wasan ƙarshe na maza yakan kasance daren Litinin a can, wato wajen ƙarfe biyu na dare a nan, wayewar Talata. Shawarata ita ce ka ba kwanaki huɗun farko ƙarfi, tunda da dama daga cikin wasanninsu suna zuwa a lokacin da ba za su hana ka barci ba, kuma a nan ne ƙananan ƙungiyoyi ke ba manya kunya. Ka duba jadawalin tashar ESPN da ke kan DStv, ka caja waya tun da rana saboda ɗaukewar wuta, sauran wasannin kuma ka kalli taƙaitattunsu a shafin gasar na YouTube da safe, kafin ka leƙa Facebook wani ya riga ya gaya maka sakamakon.

Dokokin wasan jami'a sun bambanta da na NBA, gasar ƙwararru ta Amurka. Maza suna yin rabi biyu na minti 20 kowanne, mata kuma kashi huɗu na minti 10. Ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta jefa ƙwallo, kuma ɗan wasan da ya yi laifi biyar ya fita ke nan. Akwai wata doka a wasan maza da ke rikita sabon mai kallo: idan laifukan ƙungiya suka kai bakwai a rabi ɗaya, wanda aka yi wa laifin zai tsaya a layi ya yi jifa ɗaya, sai ya ci sannan a ba shi na biyu. Shi ya sa za ka ga ƙungiyar da ake ci tana yin laifi da gangan a mintin ƙarshe, don ta tsayar da agogo, ta kuma ɗora nauyin wasan a kan yaro ɗan shekara 19 da dubban mutane ke yi wa ihu.

Cike jadawalin da hasashenka kafin a fara wasa yana ƙara wa kallon armashi. Ku yi shi a majalisarku, kowa ya rubuta nasa, ku damƙa wa mutum ɗaya ya ajiye, ba tare da sa kuɗi ba, don kada nishaɗi ya zama caca. Wasanni 63 ne daga zagayen 64 zuwa ƙarshe, kuma ba a taɓa tabbatar da wanda ya dace da dukkansu ba. Ƙungiya ta 12 takan doke ta 5 akai-akai, don haka ka zaɓi ɗaya ko biyu irin wannan, amma kofin kansa ka bar shi a hannun manya.

Inda nake ganin masu kallo da yawa suna asara shi ne sakamako kawai suke bi, alhali daɗin gasar yana cikin abin da ƙungiya take yi bayan an buge ta. Idan abokiyar hamayya ta ci maki takwas ko goma a jere, koci ya nemi a dakata, ka lura da abin da ya biyo baya: shin 'yan wasan sun koma miƙa wa juna ƙwallo cikin natsuwa, ko kowa ya fara jifa daga nesa don ya zama gwani? A wasan ƙarshe na 2022 North Carolina ta tafi hutun rabin lokaci tana gaban Kansas da maki 15, amma Kansas ta farke ta ci 72 da 69, kuma Ochai Agbaji, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, shi aka zaɓa gwarzon matakin ƙarshe na gasar. Wanda ya kashe talabijin ya kwanta a lokacin hutu ya yi asarar wasan baki ɗaya.

Haka kuma ka riƙa bin ƙungiyar da aka kunyata har shekara ta zagayo. A 2018 Virginia ta zama ƙungiya ta 1 ta farko a gasar maza da ta 16 ta taɓa fitarwa, lokacin da UMBC, wata jami'a ta jihar Maryland, ta lallasa ta 74 da 54. Kocinta Tony Bennett bai sauya salon wasansa na tsaro da haƙuri ba. A 2019 wata ƙungiya ta 16, Gardner-Webb, ta sake shiga gabanta da maki 14 a wasan farko, kamar za a maimaita, sai ta farfaɗo. A zagayen 'yan takwas Mamadi Diakite, haifaffen Konakiri, ya jefa ƙwallon da ta rama wa Virginia a daƙiƙar ƙarshe a kan Purdue, daga nan ta wuce har ta doke Texas Tech a ƙarin lokaci ta ɗauki kofin. Ba kullum ake ƙarewa da kofi ba. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya kai wasan ƙarshe da Jami'ar Houston a 1983 da 1984, ya faɗi duka biyun, na farkon ma a daƙiƙar ƙarshe, sai a 1994 da 1995 ya ɗauki kofin NBA.

Idan kana neman ƙungiyar da za ka mara wa baya, ka duba jerin sunayen 'yan wasa, domin da wuya a yi shekarar da babu 'yan Afirka ta Yamma. Adama Sanogo na Mali yana azumin Ramadan ya jagoranci Connecticut zuwa kofin 2023. Gasar mata, wadda aka fara a 1982, tana tafiya kusan lokaci guda da ta maza, kuma wasan ƙarshenta a shekarun nan yakan zo ranar Lahadi da rana a can, wato da daddare kafin lokacin barci a Jos. A cikinta ne Arike Ogunbowale ta Notre Dame ta ci wasan kusa da na ƙarshe da kuma na ƙarshe a 2018, kowanne da jifan da ta yi ana dab da tashi.