Iskar Tayar Tsohuwar Motar Gudu: Inda Masu Ita Suka Fi Yin Kuskure

Mai MGB ko Jaguar E-Type ko Porsche 911 ta shekarun 1970 ba ya wasa da fenti, ba ya wasa da baƙin mai. Iskar taya ce ake sakar wa mai faci ya yi yadda ya ga dama, alhali a irin waɗannan motoci babu ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, babu kwamfutar da za ta tare motar idan ta fara sulɓewa. Yadda tayar ta kama ƙasa, haka motar za ta bi.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne daidaita iskar tayoyin huɗu. A ido kamar tsari ne mai kyau, talatin gaba, talatin baya. Amma sau da yawa kamfanonin da suka ƙera motocin nan da gangan suka bambanta gaba da baya, don da wannan bambancin suke saita halin motar a kwana. Injin 911 yana can bayan tayoyin baya, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinta a can yake. Shi ya sa Porsche ta ba 911 samfurin Carrera 3.2 ta 1984 zuwa 1989 bar 2.0 a gaba da 2.5 a baya, wato psi 29 da 36 (bar da psi ma'aunai ne na ƙarfin iskar taya). Misalin da ya fi tsanani daga Amurka yake: Chevrolet Corvair ta 1960, ita ma mai inji a baya, psi 15 take so a gaba, 26 a baya. Masu ita da yaran gidan mai da yawa suka riƙa cika gaban ya kai baya, sai motar ta koma mai jefar da ƙugu waje a tsakiyar kwana. Ko MGB da injinta ke gaba, littafinta psi 21 ya ba gaba, 24 baya, a kan tayar radiyal, wadda zarenta ke tafiya miƙe daga gefe zuwa gefe. Saboda haka kafin ka haddace lambar kanta, haddace tazarar da ke tsakanin gaba da baya. Idan za ka ƙara iska, ƙara wa duka, tazarar ta zauna yadda take.

Sai waɗanda suka riƙe littafin mota kam, ba su tambayi wace taya aka rubuta lambar dominta ba. E-Type ta fito a 1961 a kan Dunlop RS5, taya mai saƙar gicciye, wadda zarenta ke haye juna a karkace, gefenta kuma da tauri. MGB ma da irinta ta fara a 1962. Michelin ta riga ta fito da radiyal tun ƙarshen shekarun 1940, amma sai cikin shekarun 1960 motocin Ingila suka koma kanta sannu a hankali. Yau kusan duk wanda ya sauya taya radiyal yake sawa. Ita gefenta laushi gare shi, yana lanƙwasa, kuma lambar da aka rubuta don mai saƙar gicciye yawanci ta yi mata kaɗan. Duba littafin da kyau, da yawa suna da layi dabam na radiyal, wasu kuma suna da lamba ta biyu don gudu mai tsawo ko ɗaukar kaya. Idan naka na farkon fitowa ne, babu layin radiyal, fara da ƙarin psi biyu zuwa huɗu a kan abin da ya ce. Kada kuma ka haɗa iri biyun a gatari ɗaya, wato a tayoyin gaba biyu ko na baya biyu. A Birtaniya doka ma ta hana, ta kuma hana radiyal a gaba da mai saƙar gicciye a baya.

Radiyal takan yi ɗan tumbi a ƙasa ko da iskarta daidai take. Mai faci na ganin haka zai ce, “Alhaji, wannan ta sace,” ya jawo tiyo. Hannunsa ya saba da bas da motar haya mai ɗauke da buhuna, arba'in yake bugawa ba tare da tambaya ba. Wani kuma ya duƙa ya karanta lambar da ke jikin tayar, 44 ko 51, ya ce ai ga abin da kamfani ya rubuta. Wannan lambar iyakar iskar da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ta san motar da aka sa ta a kai ba. MGB nauyinta bai wuce tan ɗaya da ɗan abu ba, Lotus Elan ko kusa da tan ba ta kai ba. Ka buga musu arba'in, wurin da roba ke taɓa kwalta ya tsuke, motar ta riƙa tsalle a kan kowane ƙaramin tudu, birki ya rage kamu, tsohon jiki ya yi ta ƙara. Akwai masu yin hakan da sani, don sitiyarin ba mai taimakon famfo ba ne, cika gaba yana sauƙaƙa juyi wajen fakin. Sauƙin na minti ɗaya ne, a bakin kamun tayar a sauran tafiyar.

A ƙasarmu akwai wata magana da ta yi jijiya, wai lokacin zafi a rage iska kada taya ta fashe. Abin a juye yake. Tayar da iskarta ta yi kaɗan ita ke lanƙwasa sosai a kowane juyi, lanƙwasar ta haifi zafi, zafin ya raba roba da zare, sai fashewa. Gaskiya ne iska na hawa idan taya ta ɗumama, psi uku zuwa biyar bayan tafiya mai tsawo, amma an riga an yi lissafin wannan a cikin lambar littafi, wadda lambar taya mai sanyi ce. Wanda ya tsaya a hanya ya auna, ya ga ta hau, ya sace mata iska, da safe zai tarar da ita ƙasa da ƙa'ida. A auna kafin a tashi motar, ko bayan ta huta awa uku a inuwa. Yanayi ma yana taɓa ta: kowane digiri 10 na ma'aunin Selshiyas yana motsa iskar da kimanin bar 0.1. Abin da ka saita da asubahin hunturu a Kano ba shi za ka gani a Afrilu ba, don haka a sake aunawa idan lokaci ya juya. Ka sayi gejinka, ka tsaya a kansa. Na bakin titi ya sha faɗuwa, kuma a motar da ke aiki da 21, kuskuren psi uku ba ƙaramin abu ba ne.

Idan an samu mafari, sauran gyara da tuƙi ake yi, kuma a nan gaggawa ke ɓata aiki. Sauya psi biyu kawai, a gatari ɗaya, ka bi hanyar da ka sani. Idan gaba na ƙin shiga kwana, hanci na turawa waje, ƙara wa gaba kaɗan. Idan baya ne ke rawa, ƙara wa baya. Ja layin alli daga zanen tayar zuwa kafaɗarta kafin ka fita: in allin ya goge har ya gangaro gefe, tayar na kwanciya a kwana, tana son iska. Bayan watanni zanen da kansa zai ba da shaida. Tsakiya ta fi cinyewa, iska ta yi yawa. Gefe biyu sun cinye, ta yi kaɗan. Gefe ɗaya kawai, wannan ba maganar iska ba ce, a kai wa mai saitin ƙafa.

Akwai kuma tayar da babu iskar da za ta gyara ta. Motocin nan ba sa yawan tafiya, sai zane ya zauna fes shekara goma sha biyar, robar kuwa ta bushe ta ƙandare. Nemi lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Idan uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta. Wadda ta kai shekara goma a cire ta, komai kyan zanenta.

Masu rim mai waya irin na keke, mafi yawansu da tub suke aiki, kuma tub na sace iska a hankali, ga shi ƙarancin iska na sa ya goga da cikin tayar har ya huje. Waɗannan aunawar mako-mako suke so. In motar za ta daɗe a gareji, ƙara mata iska sosai don kada ƙasan tayar ya baje, sannan ka manna takarda a sitiyari da lambobin gaba da baya, don ranar fita a mayar da su kafin a kunna inji.