Yadda Ake Gina Barkwancin Waya: Koyi Daga Sana'ar Bob Newhart

Duk wanda yake bin gajerun bidiyoyin barkwanci da matasanmu na Sakkwato suke ɗorawa a TikTok da Facebook zai lura cewa yawancinsu hanya ɗaya suke bi: a tara mutum huɗu ko biyar, a yi ta hayaniya, a ƙare da guje-guje ko mari. Irin wannan yana ba da dariya a karon farko, amma ba ya jure maimaici, kuma yana cin lokaci, domin sai an nemo abokan wasa, an nemo wuri, an zauna jiran wanda bai zo ba. Akwai wata hanya da mutum ɗaya tak zai iya bi da waya a kunnensa, ko da wayar a kashe take, kuma ita ce ta ɗaga wani akanta Ba'amurke mai suna Bob Newhart daga teburin lissafi ta kai shi sahun gaba na masu barkwanci a ƙasarsu, inda ya zauna fiye da shekara 60. Dabarar ita ce ɗan wasa ya yi hira da wanda ba a ganinsa kuma ba a jin muryarsa, ya bar 'yan kallo su cike gurbin da tunaninsu.

An haifi Newhart ranar 5 ga Satumba, 1929, a Oak Park da ke daf da birnin Shikago. Ya kammala Jami'ar Loyola a 1952, ya yi aikin soja na shekara biyu, sannan ya kama aikin akanta, daga baya kuma ya koma rubuta tallace-tallace. A zamanin da yake aikin ofis ne shi da wani abokinsa mai suna Ed Gallagher suka riƙa kashe lokaci da doguwar hirar raha ta wayar tarho, har suka fara naɗar ta suna aika wa gidajen rediyo. Da abokin ya bar harkar, Newhart bai nemi madadinsa ba, sai ya ci gaba da faɗin nasa ɓangaren shi kaɗai, yana barin gurbin amsar. Wani mai gabatar da shiri a rediyon Shikago, Dan Sorkin, shi ya haɗa shi da kamfanin faifai na Warner Bros, aka naɗi wasansa a wani gidan shaƙatawa da ke Houston a farkon 1960, alhali kafin nan bai saba tsayawa gaban irin wannan taro ba. Faifan ya zama na barkwanci na farko da ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na fayafayan da aka fi saye a Amurka, kuma a 1961 ya ci Grammy, babbar kyautar fayafayai ta Amurka, a rukunin faifan shekara. Saboda haka dabarar da za mu koya ta samo asali ne daga rashin abokin wasa, wanda shi ne halin da yawancin masu farawa suke ciki a nan.

Abu na farko shi ne zaɓen yanayi, kuma a nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Nemi mutum mai cikakken hankali wanda ya faɗa cikin halin da hankali bai ɗauka ba, yana ta ƙoƙarin riƙe mutuncinsa. A ɗaya daga cikin fitattun wasanninsa, Newhart ya fito a matsayin wani shugaban kamfani a Ingila wanda Sir Walter Raleigh, wani Baturen Ingila mai yawon binciken ƙasashe a ƙarni na 16, ya bugo wa waya daga Amurka yana yi masa bayanin taba, a zamanin da babu wanda ya san ta a can, balle a yi maganar wayar tarho. Ba a jin Raleigh ko kaɗan. Abin da ake ji shi ne mutumin nan yana maimaita bayanin cikin mamaki, cewa ganye ne za a naɗe a takarda, a sa a baki, sannan a cinna masa wuta. Babu zagi a ciki, babu faɗuwa ƙasa. Abin da kowa ya saba gani ne aka kalla da idon baƙo. Kai ma ba sai ka je nesa ba. Zauna awa ɗaya a Kasuwar Kara ana saura kwana uku Babbar Salla, ka saurari dillalin da yake lallashin mai rago a waya kan kuɗin da aka taya, ko ka lura da ɗan kabu-kabu da yake shirin gaya wa mai babur cewa an yi tsautsayi, ko yaron shago da maigidansa ya bar masa amana ya tafi Umara. Sharaɗin kawai shi ne mai maganar ya kasance yana da abin da yake tsoron rasawa, kuma wanda yake can ɗaya gefen ya kasance yana da iko a kansa.

Idan ka sami yanayin, rubuta hirar gaba ɗaya da ɓangarorinta biyu, tamkar dai mutum biyu ne za su yi wasan. Masu gaggawa sukan tsallake wannan mataki, su rubuta nasu ɓangaren kawai, kuma nan take mai kallo yake gane cewa babu kowa a wayar, domin amsoshin ba su da tushe. Ba wa wanda ba a ji ɗin suna da shekaru da hali: mai saurin fushi ne, ko mai yawan tambaya, ko mai magana a hankali da ke sa gumi ya karyo wa mutum? Bayan ka gama, ka soke duk maganganunsa da biro, amma kada ka yar da takardar, domin za ka haddace su kamar yadda za ka haddace naka. Daga nan ka bi naka ɓangaren layi-layi kana tambayar kanka ko mai sauraro zai iya gano abin da aka ce maka daga amsar da ka bayar. Inda ba zai iya ba, ka gyara amsar. Babban kuskure a nan shi ne maimaita duk abin da aka faɗa kamar aku. Kalma ɗaya ko biyu sun isa, sauran kuma amsarka ce za ta fallasa shi.

Ga misali da na tsara na wani tela a daren jajibirin Salla, wanda ko yanka shaddar Alhaji bai yi ba. Ɗige-ɗigen su ne wuraren da zai yi shiru yana sauraro:

"Wa alaikumus salam, Alhaji, ranka shi daɗe... Awo, ɗunkinka na nan... A'a, ban ce an ƙare ba, cewa niy yi yana nan, lahiya lau, ko almakashi bai taɓa shi ba... Gobe Salla? An ga wata ke nan?... Wa yag gane shi?... Sarkin Musulmi da kainai yas sanar. To, shi ke nan, an gani... Kana tahe? Kada ka wahal da kanka, Alhaji, ni ba ni ma shago, ina Wamakko... Ƙarar keke? Wane keke?... Kana bakin ƙohwa."

Duba yadda aka jera shi. Ba a taɓa jin Alhaji ba, amma kowa ya san abin da ya tambaya, ya san ransa ya fara ɓaci, ya kuma san inda yake tsaye. Kowace amsa tana ƙara tura telan cikin rami fiye da wadda ta gabace ta, kuma mafi nauyinsu ita aka ajiye a ƙarshe. Lura kuma da cewa telan bai daina girmama Alhaji ba ko sau ɗaya; da ya yi masa tsawa ko ya kashe waya, da wasan ya mutu a nan, domin ladabinsa da ƙaryarsa da suke karo da juna su ne suke haifar da dariyar.

Sai batun shiru, wanda shi ne rabin sana'ar. Tsawon kowane shiru dole ya yi daidai da tsawon maganar da aka soke, shi ya sa na ce a haddace ta: a lokacin da ka yi shiru, faɗi maganar Alhaji a zuciyarka da saurin da shi zai faɗe ta, ka bar fuskarka ta nuna cewa labarin yana shigarka a hankali. Idan ka gajarta, mai kallo bai sami damar gina maganar a ransa ba. Idan ka tsawaita, hankalinsa ya tafi. Newhart yana da 'yar i'ina a maganarsa ta yau da kullum, kuma maimakon ya ɓoye ta sai ya mayar da ita kayan aiki, domin tana nuna mutum yana laluben abin da zai faɗa. An taɓa neman ya rage ta don shiri ya yi sauri, ya amsa da cewa i'inar nan ce ta saya masa gida a Beverly Hills, unguwar masu kuɗi a yankin Los Angeles. Ba ina cewa ka ƙirƙiri i'ina ba, domin kwaikwayon lalurar wani ba abin yi ba ne. Nufina ka lura da yadda kai kanka kake magana idan ka rikice, ko gyaran murya kake yi, ko maimaita gaisuwa, ko shafa gemu, ka yi aiki da wannan.

Kada ka yi wa kanka dariya, kuma kada ka kalli kyamara kana neman a yaba. Mutumin da kake wakilta bai san yana ba da dariya ba, shi a cikin tashin hankali yake, kuma gwargwadon yadda ka riƙe fuskarka haka dariyar za ta ƙaru.

Game da harshe, ina ba da shawarar ka yi wasanka da Sakkwatancinka kamar yadda kake magana a gida. Na sha ganin yara masu basira suna murɗe harshensu zuwa karin Kano saboda suna ganin shi ne zai kai su nesa, sai wasan ya fito ba gishiri, domin saurin amsa da zaƙin magana suna cikin harshen da mutum ya tashi da shi. Sannan ka tsare bakinka daga batsa da aibata mutane. Newhart ya yi suna da wasa mai tsabta wanda iyali za su zauna su kalla tare, kuma hakan na cikin abin da ya sa ya daɗe. Mu kuwa muna da gadon da ya riga ya shata mana iyaka, domin wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Gobirawa da Yarabawa, da na Fulani da Barebari, duk an gina su ne a kan sanin wa ake yi wa wasa, da inda ake tsayawa. Wanda ba a jin muryarsa a wayarka ya zama ƙagagge. Kada ka sa sunan wani malami ko basarake ko maƙwabci da kowa ya sani.

Kafin ka ɗauki bidiyo, gwada wasan a gaban mutane. Faifan Newhart na farko a gaban 'yan kallo aka naɗe shi, kuma dariyarsu ce take nuna inda shiru ya yi daidai. Je majalisarku bayan sallar isha'i, ko teburin mai shayi, ka yi shi ba tare da ka sanar cewa ga inda za a yi dariya ba. Ka sa wani aboki ya riƙe takardar yana yin alama a duk layin da aka dara da wanda aka yi tsit. Layin da ya faɗi sau biyu a gaban mutane daban-daban, cire shi ko da kana ƙaunarsa. Idan kuma wani ya tambaye ka abin da Alhaji ya ce a wani wuri, to amsarka ta wurin ba ta fito ba, sai a koma kan takarda.

Wanda ya iya wannan ya sami jarin da zai shiga wasan kwaikwayo mai dogon zango da shi, domin abin da ya koya shi ne sauraro. A shirin talabijin da ya yi a tashar CBS daga 1972 zuwa 1978, Newhart ya fito a matsayin likitan halayyar ɗan Adam a Shikago, aikin da asalinsa sauraron mutane ne, sannan daga 1982 zuwa 1990 ya fito a matsayin mai masaukin baƙi a jihar Vermont. A duka biyun shi ne mai natsuwa a tsakiyar masu ban mamaki, wasu su yi maganar, shi ya mayar da martani da kallo ko da kalma biyu. Idan aka gayyace ka wani shiri, nemi irin wannan gurbi, kada ka yi rige-rigen yawan magana da abokan wasanka. Ka kuma shirya wa jinkiri, domin shirinsa na farko a talabijin, na 1961, zango ɗaya ya yi aka tsayar da shi duk da lambobin yabon da ya samu, wasu biyu da ya yi bayan 1990 ba su yi tsawon rai ba, kuma bai karɓi Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, ta ƙashin kansa ba sai a 2013, yana da shekara 84. Ya rasu ranar 18 ga Yuli, 2024, a Los Angeles yana da shekara 94. Don haka kada ka saki sana'ar da take ciyar da kai saboda bidiyo ɗaya ya karɓu.

A ranar ɗauka, murya ta fi hoto muhimmanci, tunda wasan gaba ɗaya a kan magana da shiru yake. Zaɓi zaure ko ɗaki da ƙarar babura da injin wuta ba sa kaiwa, ka kashe fanka na ɗan lokaci, kuma a lokacin hunturu ka guji fili saboda iska tana cika makirufo. Da hantsi ko bayan la'asar haske ya fi taushi, sai ka fuskanci taga ko ƙofa. Kafa wayar da za ta ɗauka a kan wani abu tsayayye daidai tsayin fuskarka, wadda ke kunnenka kuma ka kashe ta don kada kira na gaskiya ya shigo, ka riƙe ta yadda ba za ta rufe bakinka ba. Ɗauki wasan a zama ɗaya daga farko har ƙarshe, minti biyu zuwa uku, kuma wajen tacewa kada ka yarda a yanke wuraren shirun.