Lissafin yiwuwa: wuraren da 'yan ƙaramar sakandare suka fi tuntuɓe

Duk shekara idan aka zo kan darasin yiwuwa, kurakuran dai su ne na bara, kamar gadonsu ake yi. Ƙa'idar ba ta da wuya: adadin abin da ake nema bisa adadin duk abin da zai iya fitowa. Sharaɗinta ake mantawa, wato ba ta aiki sai idan duk abubuwan da ake ƙirgawa damarsu ɗaya ce.

Wanda ya fi cin maki shi ne rubuta lambar ƙasa, wato adadin duk abin da zai iya fitowa, ba tare da an jera komai ba. A ce an jefa ɗan lido guda biyu, ana neman yiwuwar jimlarsu ta zama 7. Sai ɗalibi ya ce jimla tana farawa daga 2 ta tsaya a 12, guda 11 ke nan, ya rubuta 1/11 ya ajiye biro. Ina! Jimlolin nan damarsu ba ɗaya ba ce. Zana jadawali mai layi 6 a tsaye, 6 a kwance, za ka sami gida 36. A cikinsu 7 ta fito sau shida: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, 4 da 3, 5 da 2, 6 da 1. Amsa 6/36, wato 1/6. Ita kuwa 12 gida ɗaya tal gare ta, 1/36. Duk wanda ya yi gardamar cewa 3 da 4 daidai yake da 4 da 3, a miƙa masa ɗan lido ja da fari, nan take zai gani da idonsa. Haka kwabo biyu: hanyoyin faɗuwarsu huɗu ne, ba uku ba, domin fuska da baya daban yake da baya da fuska. Ko d'Alembert, shahararren masanin lissafi na Faransa, ya zame a kan wannan a 1754, amma wannan ba hujjar ƙin zana jadawali ba ce.

Na biyu ya fi ban haushi, domin ba lissafi ba ne, zato ne kawai. Kwabo ya faɗi a fuska sau biyar a jere, sai ka ji aji ya ɗauka: "Yanzu kam dole baya ne!" Wa ya gaya muku? Kwabo ba ya riƙe abin da ya wuce, ba ya bin kowa bashi. Jifa ta shida 1/2 ce, kamar ta farko. Da irin wannan tunani 'yan caca suke ƙarar da jarinsu.

Sai haɗa abin da lissafi ya ce da abin da gwaji ya nuna. Yaro ya jefa kwabo sau 10, fuska ta fito sau 7, sai ya goge ya mayar da ita 5 don ta dace da littafi. Kada a goge. 7/10 shi ne sakamakon gwajinsa, kuma daidai ne. Jifa 10 ce ta yi kaɗan. A tattara na ɗalibai 40, a sami jifa 400, za a ga adadin ya matso kusa da rabi. John Kerrich, wani masanin lissafi da aka tsare a Denmark lokacin yaƙin duniya na biyu, ya jefa kwabo sau 10,000, fuska ta fito sau 5,067. Kusa da rabi ne, amma ba rabi cif ba.

Tunda tsabar kuɗi ta yi wuya a aljihu yanzu, wasu kan ɗauko murfin kwalbar lemo su ce shi ma 1/2 ne. Ba haka ba ne, ɓangarorinsa biyu ba su yi kama ba. Nan gwaji kaɗai ke ba da amsa; ni dai ba na karɓar ƙasa da jifa 100, a kan tebur ɗaya, daga tsayi ɗaya.

Sauran ƙanana ne. Jaka mai duwatsu ja 3 da shuɗi 5, yiwuwar ja 3/8 ce, ba 3/5 ba. Amsar da ta haura 1, irin 7/6, an juya lambobin ne ko an ƙirga abu sau biyu. Idan kuma an ciro dutse ba a mayar ba, saura 7 a jaka, kada a sake raba wa 8.