Yadda na shawo kan cijewar labarina na ban tsoro

Labarin ya cije ne daidai inda ya kamata aljanar ta bayyana. Duk yadda na siffanta ta, kofato ne da gashi har ƙasa da jajayen idanu, abin da yara ma sun saba ji a tatsuniya. Ba ya razana kowa.

Sai na hana ta fitowa gaba ɗaya. Na mayar da labarin zuwa wani tsohon gidan ƙasa a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Doka, mai rijiyar da aka daɗe da rufewa. Alamu kawai na bar wa mai karatu: a tarar da guga a jiƙe da asuba alhali ba wanda ya ja ruwa, a ji sallama daga zaure da muryar kakar da ta rasu, kaji su ƙi shiga akurki. Na karanta wa ƙanwata da daddare, ta ce, "Yaya, don Allah bari sai da safe."

Bugawa kuwa, tsadar takarda ta fi ƙarfina, don haka babi-babi nake sakinsa a WhatsApp, masu so suna biya. In kuɗin sun taru zan kai maɗaba'a.