Katin bashi mai gyara: wanne ya dace da cefane da shan mai a Amurka?

Da zarar ka samu lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke bayarwa don aiki da haraji, ka buɗe asusun banki a Amurka, wasiƙu za su fara cika maka akwati, kowane banki yana cewa karɓi katinmu, za mu riƙa mayar maka da wani abu daga abin da ka kashe. Shi ne kashbak ɗin da ake ta faɗa: ka yi cefanen dala 100, banki ya rubuta maka dala 2 ko 3 ko 6. Kamar gyarar da mai tumatir yake yi wa abokin ciniki ne, sai dai wannan gyarar tana tafe da sharuɗɗa, kuma waɗanda suka rubuta sharuɗɗan ba irin cefanenmu suka duba ba.

Kafin a kai ga zaɓe, sabon zuwa ya sani cewa manyan katunan ba za su karɓe shi a watannin farko ba. Banki yana duba makin kiredit ne, wato makin da ke nuna yadda kake biyan bashi, wanda a ma'aunin kamfanin FICO yake tsakanin 300 da 850, kuma makin ba ya fitowa sai ka yi wata shida da asusun bashi a buɗe. Hanyar da aka saba bi ita ce katin jingina: ka ajiye wa banki kuɗinka, ya ba ka kati daidai da abin da ka ajiye. Discover it Secured yana farawa daga dala 200, ba kuɗin shekara, yana ba da kashi 2 cikin 100 a gidan mai da gidan abinci har zuwa dala 1,000 duk wata uku. Gyarar ba ta taka kara ta karya ba, amma tarihi kake ginawa. Kada ka yi ta jefa takardar nema banki-banki. Duk neman da ka yi ana rubuta shi, yana kuma ɗan zaftare maki.

To, maki ya fito, sai a zo kan katunan cefane. Biyu daga American Express su ne aka fi ambata. Blue Cash Preferred yana mayar da kashi 6 a kantunan kayan abinci har zuwa dala 6,000 a shekara, bayan nan ya sauka zuwa kashi 1, yana ba da kashi 3 a gidan mai, amma ana biyan dala 95 duk shekara. Ƙanensa Blue Cash Everyday ba shi da kuɗin shekara, kashi 3 yake bayarwa a cefane da kashi 3 a mai, kowanne da iyakar dala 6,000.

Lissafin ba wuya. Magidancin da ke kashe dala 500 a wata ya cike dala 6,000 ɗin cif. Babban katin zai mayar masa da dala 360, a cire 95, saura 265. Ƙaramin zai ba shi 180. A nan babban ya yi nasara. Amma bambancinsu kashi 3 ne kawai, sai cefanenka ya haura kusan dala 265 a wata kafin wannan bambancin ya biya kuɗin shekarar. Gwauro ko ɗalibi, ƙaramin ya ishe shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Banki ba ya ganin abin da ke cikin kwandonka, lambar kantin yake gani. Kowane shago yana da lambar da ke nuna irin sana'arsa: 5411 ita ce ta kantin kayan abinci, 5541 da 5542 na gidajen mai. American Express ba ya lissafa manyan kantunan sayar da komai irin Walmart da Target a matsayin kantin kayan abinci, haka ma kantunan sari irin Costco da Sam's Club, haka ƙananan shagunan da suka keɓanta da kaya iri ɗaya. Ka tuna inda gidan Bahaushe yake cefane a nan: buhun shinkafa da jarkar mai a Costco, sabulu da madara a Walmart don sauƙi, naman rago a wurin mahaucin halal, manja da daddawa da kuɓewa busasshiya da garin tuwo a shagon 'yan Afirka. Mahauci yana iya kasancewa ƙarƙashin lambar masu nama, shagon 'yan Afirka ƙarƙashin ta ƙananan shagunan abinci, wasu ma ba sa karɓar American Express kwata-kwata saboda la'adarsa ta yi musu yawa. Idan daga dala 500 ɗin nan 200 ne kacal suke shiga irin su Kroger ko ShopRite ko Giant, babban katin zai ba ka dala 144 a kansu a shekara, ka biya 95, ka tashi da 49. Ƙaramin zai ba ka 72. Mai kashi 6 ɗin da ake kirari ya zama na baya.

Saboda haka, kafin ka nemi kowane kati, ɗauko takardun asusunka na wata biyu ko uku ka ware su shago-shago. Idan kana da wani katin a hannu, yi ƙaramin ciniki a shagon da ka saba, ka duba manhajar banki ka ga rukunin da aka jefa shi.

Ga wanda cefanensa ya warwatsu haka, ni na fi ganin kati mai kashi 2 a kan komai, irin Wells Fargo Active Cash ko Citi Double Cash. Ba kuɗin shekara, ba ruwanka da lambar shago. Dala 6,000 za ta kawo 120 ko a ina ka kashe ta. Sai dai ka lura, a cikin kantunan Costco na Amurka Visa kaɗai ake karɓa a katunan bashi. Active Cash Visa ne, Double Cash kuwa Mastercard. Capital One Savor shi ma ba laifi, kashi 3 a kantin abinci da gidan abinci, amma shi ma ya cire Walmart da Target. Akwai kuma masu juya rukunin shagunan da suke ba da gyara a kai duk wata uku, kamar Discover it Cash Back mai kashi 5 har dala 1,500, wanda sai ka shiga ka kunna da kanka. Wanda ke aikin dare yana tuƙi da rana, da wuya ya riƙa tunawa.

Batun mai ya danganta da garinku. Mazaunin Bronx ko Harlem a birnin New York da ba shi da mota, kashi nawa ake bayarwa a gidan mai ba matsalarsa ba ce. A wurinsa abin dubawa shi ne Blue Cash Preferred yana ba da kashi 3 a jirgin ƙasa da bas. A Houston ko Maryland kuwa mota ita ce ƙafa. Katin Costco Anywhere Visa na Citi yana ba da kashi 5 a famfon Costco, kashi 4 a sauran gidajen mai, har zuwa dala 7,000 a shekara, da kashi 2 a cikin kantin. Dole ka zama mamba, dala 65 a shekara, kuma gyarar sau ɗaya take zuwa, a watan Fabrairu. Direban Uber da ke shan man dala 200 a mako zai cinye iyakar nan wajen farkon Satumba, sauran shekarar kashi 1 zai riƙa samu, don haka yana buƙatar kati na biyu. Ka kuma riƙa ɗaga kai ka dubi allon farashi: wasu gidajen mai suna da farashin tsabar kuɗi da na kati. In bambancin santi 10 ne a galan mai dala 3, gyarar kashi 3 santi 9 ce, biya da tsaba ya fi.

Duk wannan lissafin yana tsaye ne kan sharaɗi ɗaya: ka biya bashin gaba ɗaya duk wata. Kuɗin ruwan irin waɗannan katunan yakan haura kashi 20 a shekara. Ka bar dala 1,000 tana kwana a kan kashi 22, kusan dala 18 ke nan duk wata, sama da 200 a shekara, gyarar cefanen shekara a ƙaramin katin ta tafi har da ƙari. Dokar da aka yi a 2009 ta tilasta wa banki ya aiko maka da lissafi aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. A takardar za ka ga ɗan adadin da aka ce shi ne mafi ƙarancin biya. Kada ka bi shi, cikakken adadin za ka biya. Saita asusunka ya riƙa cire cikakken adadin da kansa.

Ga Musulmi, maganar ta wuce asara, maganar riba ce. Malamai sun saɓa: wasu sun hana katin ɗungurum tunda yarjejeniyar da ka sa wa hannu tana ɗauke da sharaɗin ruwa, wasu sun yi sassauci ga mazaunin irin waɗannan ƙasashe muddin yana biya kafin ruwan ya hau, ganin cewa haya da sayen mota suna wuya ba tarihin kiredit. Tambayi malamin da ka yarda da iliminsa, wanda ya san yadda katin yake aiki.

Abu ɗaya da ke cin 'yan'uwa da yawa shi ne tura kuɗi gida da katin bashi. Bankuna da dama suna ɗaukar wannan tamkar ka ciri tsabar kuɗi ne: babu gyara, akwai caji nan take, sau da yawa kashi 5, kuma ruwa yana fara hawa tun ranar, babu kwanakin jira. Kuɗin Sallah ko na makarantar ƙanne, tura su daga asusun banki ko katin cire kuɗinka. In kuma za ka je ganin gida, duba cajin ƙasar waje: katunan Blue Cash suna ƙara kashi 2.7 a kan duk cinikin da aka yi a waje, na Capital One ba sa ƙara komai, kuma a Kano ko Yamai Visa da Mastercard ne za ka fi samun inda ake karɓa. Bankuna suna sauya waɗannan sharuɗɗa lokaci-lokaci, don haka karanta teburin kuɗin ruwa da caji da ke maƙale da takardar nema a ranar da za ka sa hannu.